Baƙin Mai a Lambun Baba Hamadi

Assalamu alaikum. Yau ba ni da doguwar gaisuwa, ku yi haƙuri, a gaggauce nake danna talhon nan. Masu damuna da saƙo safe da yamma, “Siddiƙa ina angonmu? Siddiƙa wane launi ne anko?”, to ku gyara zama. Ga labarin angon naku nan.

Ga wadda ba ta san ni ba, shekarata ashirin da bakwai, a nan Arlit aka haife ni. Iyayena ƴan Damagaram ne, aikin ma'adini ya kawo su. Babana ya tuƙa bas ɗin ma'aikata shekara ashirin kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni kuwa tsabtar muhalli na karanta, ina aiki da wani shiri mai kula da lambatu da hanyoyin ruwan gari. Ƴar kwata, in ji matan unguwarmu. Riga mai ruwan lemu a kan hijabi, takalmin roba har gwiwa, felun kwasar ƙasa a kafaɗa. Babu irin dariyar da ba a yi mini ba. Wai garin da ruwa ke sauka sau uku a shekara, wace magudana nake gyarawa? Sun manta cikin sau ukun nan ne katangar mutum take kwantawa.

Saura sati uku a ɗaura mini aure da Fatahu. Kuma kar wata ta fara ce mini an tilasta ni. Ni na ga abina, ni na ce ina so. Ɗan Tahoua ne, dogo, mai wushirya, yana da gareji a bakin hanyar Agadez inda ake yi wa manyan motocin kamiyo juyen mai. Ranar da muka haɗu ina cikin lambatu har ƙugu, gumi ya rufe mini ido. Ya fito daga garejinsa da jarkar ruwan sanyi, ya zuba a kofi ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, “Macen da ka wanga aiki, ruwan sanyi ya yi mata kaɗan.” Duk garin nan shi kaɗai ne bai yi mini dariya ba. To ku gaya mini, wace ce ba za ta faɗa ba?

Bari in yi muku bayanin lambatun, don a kansa komai ya faru. Ya taso ne daga gabashin gari, inda kori, wato rafin damina, ke shigowa da ruwan duwatsu. Ya wuce ta bayan garejin Fatahu, ya ratsa unguwarmu, ya gangara har kwarin da masu lambu suke. Shekara da shekaru a cike yake da rairayi da leda da mushen awaki. Wata huɗu muka yi muna yashe shi, ni da mutanena, har sai da siminti ya fito fes daga sama har ƙasa.

Sai dai yasa ba ita ce wahalar ba. Wahalar ita ce ɗabi'ar garin nan da ta fi ƙona mini rai. Mutum zai yi wata goma yana tara ƙazantarsa a bayan ɗaki, yana jiran hadari. Da iska ta kaɗa, ɗigon farko ya sauka, sai ka ga kowa ya fito a guje, mai bokiti, mai buhu, mai ruwan wanka na kwana da kwanaki, duk a juye a hanyar ruwa. “Ruwa zai tafi da shi.” Zai tafi da shi ina? Makka? Ba mai tambaya. Gida-gida na bi ina roƙo, har muryata ta dushe. Innata ma sai da muka yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba, don na ɗauke mata buhunan shararta na kai juji.

A ƙarshen lambatun nan lambun Baba Hamadi yake. Ba'abzine ne daga wajen Dannet, fari ya cinye masa raƙuma, ya shigo gari ya kama noman rani da hannu biyu. Aminin babana ne. Tun da aka yi mana rasuwa, Juma'a ba ta taɓa wucewa bai aiko mana da zogale ko kuɓewa ba. Shi ne ma zai zauna a matsayin ubana ranar ɗaurin aure. Yana da wani tafki da ya gina da hannunsa don tara ruwa, da dabino goma sha biyu da ya yi shekara bakwai yana reno, bana suka fara fitar da ƴaƴa. Ya daɗe da toshe ƙofar da ruwan lambatu ke shiga wajensa da buhunan yashi, don ya san abin da ruwan gari ke kwasowa.

Ni na je har bukkarsa, na zauna, na sha shayinsa kofi uku, na ce, “Baba, bana ka buɗe. Na wanke hanyar nan da hannuna. Ruwan da zai zo maka, ko alwala ka yi da shi.”

Ya daɗe yana kallona ta saman rawaninsa. Shi Baba, mace da namiji duk “kai” yake ce musu. Ya ce, “Siddiƙa, kai ka tabbata?”

Na ce, “Wallahi na tabbata.”

Da bakina na rantse. Ya tashi a gabana ya janye buhunan ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Talata da ta wuce, bayan azahar, saƙon murya ya shigo cikin zauren Watsap ɗinmu da makiyayan gabas. In ruwa ya sauka a duwatsu su ke fara gani, sai su sanar da mu. Suka ce ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, kori ya taso, nan da awa guda yana gari. Kun san wa na fara tura wa? Ba shugabana ba. Ba mutanen aikina ba. Ga saƙon nan har yanzu, ƙarfe uku da minti goma sha biyu:

“Masoyi, kori na tafe, awa ɗaya ya rage. Ka janye motocinka daga bakin lambatu. Ka kula mini da kanka.”

Minti biyu ya amso:

“Allah shi bar mini ke. Kin taimake ni hiye da yadda kike zato.”

Har da ƴar zuciya ja guda uku. Ni kuma sakarya na tsaya a tsakar gida ina murmushi, na danna talho a ƙirji, Inna na kallona tana taɓe baki.

Na hau kabu-kabu na tafi can gabas, bakin da kori ke shiga lambatu, don in ga ko ragar ƙarfen da muka sa za ta riƙe itace. Ruwa ya zo, jama'a. Ja wur, da ƙara, da ƙamshin ƙasa. Ya shiga lambatuna ya miƙe sumul, ko tangarɗa babu. Ga na sama kuma yana dukana, hijabina ya manne mini a jiki. Na ɗauki bidiyo ina ihu ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Wata huɗu na wahala, ga shi yau ba gidan da ruwa zai shiga.

Ban gama murna ba talho ya yi ƙara. Baba Hamadi. Bai yi sallama ba, mutumin da gaisuwarsa kaɗai takan ci minti biyar. Ya ce, “Siddiƙa, zo.” Ya kashe.

Tun daga nesa warin ya tare ni. Warin gareji, a cikin lambu. Na sauka daga babur ƙafata ta zame, na duba ƙasa, baƙa ƙirin, tana ƙyalli. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tafkin Baba ya cika maƙil, amma samansa baƙin mai ne, kauri ya kai yatsa. Kunyoyin kuɓewa, zogale, yakuwa, duk sun sha. Gindin dabinon nan goma sha biyu kowanne da zoben baƙi. Akuyarsa guda tana gefe, bakinta da ƙirjinta sun yi dumu-dumu, tana ta kakari.

Baba na tsaye a tsakiya, wandonsa a naɗe, yana kwasar man da kwanon shan furarsa yana watsawa waje. Kwano ɗaya-ɗaya, a tafki guda. Tsoho mai shekara saba'in.

Da ma zagina ya yi. Da ma ya ɗaga felu ya rafka mini. Sai kawai ya ɗago ya ce, a hankali, “Kai ka ce in buɗe.”

Na juya na bi lambatun da ƙafa, ina hawa. Ba sai na tambayi kowa ba, ai ni na goge simintin nan, man ya bar layinsa a bango ɓaro-ɓaro. Na wuce bayan makaranta, layi na nan. Na wuce ƙofar gidanmu, yana nan. Ina tafiya ina addu'a, Allah ka sa ya wuce garejin, ka sa daga sama ya fito. A daidai katangar bayan garejin Fatahu layin ya tsaya cak. Sama da nan siminti fes. Ga tano goma sha ɗaya, manyan gangunan ƙarfe na tsohon mai, a kwance, bakinsu a lambatu, murafensu a jere a kan dutse, an ajiye su da kyau don kar su ɓata.

Tanonin nan na san su. Sau nawa na ce masa ya kai su wajen masu karɓar tsohon mai? Kullum sai ya ce, “Insha Allahu, gimbiya, sati mai zuwa.” Ashe hadari yake jira, shi ma. Tano cike da mai ba ya mirginuwa a minti biyar. Sai mutum ya sami lokaci. Sai an ba shi awa guda.

Na ciro talho na sake karanta saƙonsa. Kin taimake ni hiye da yadda kike zato.

Na ɗauki hotuna. Na sake gangarawa na cika gorar ruwa daga tafkin Baba. Na koma gida magariba na kawo kai.

Na tarar da Inna ta baje kayan akwati a kan tabarma, ita da madubi, tana gwada ɗankwalin shaddar da za ta sa ranar wuni. Ɗakin duk ƙamshin turaren wuta. Shaddata ruwan zuma, wadda Fatahu ya zaɓo da kansa, tana rataye a ƙofar sif, tela ya kawo ɗazu, aikin wuyanta har cibiya. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Ke kuma daga wane rami? Amarya guda kina wari kamar makanike!”

Na gaya mata komai. Ta saurara, ɗankwali a hannu. Da na gama ta ce, “To, Allah ya kyauta. Sai a je a ba Hamadi haƙuri.”

“Haƙuri, Inna? Rahoto zan rubuta. Gobe da safe yana teburin masu tsabta na meri, ofishin magajin gari.”

“Da sunan wa?”

“Da sunan mai tano.”

Ta ajiye ɗankwalin. “Siddiƙa, kina da hankali kuwa? Rufe masa gareji za su yi! Sati uku ya rage. An raba goro har Damagaram, ƙannen ubanki sun kama hanya. Shekara nawa ina shan gori a garin nan, ana cewa ƴata ta auri kwata? Yanzu Allah ya kawo mai rufa miki asiri, ke za ki tona nasa?”

“Shi ya tona wa kansa.”

“Wa ya gan shi? Ki rubuta ba a san mai shi ba. Ruwa ne, ya kwaso daga ko'ina. Kowa a garin nan yana zubawa!”

“Kowa bokiti yake zubawa, Inna. Shi tano goma sha ɗaya.”

“To ke ce alƙalin gari? Ke ce uwar dabino?”

Na ce, “Zogalen da kika yi mana kwaɗo shekara shida, daga ina yake zuwa?”

Sai ta fashe da kuka, irin kukan da iyaye mata ke yi in hujja ta ƙare. Wai ita dai ba ta da sa'a. Wai in auren nan ya lalace kar in ƙara kiranta uwa. Na shige ɗaki na bar ta. Ina son Innata, Allah ya sani, amma ranar ji na yi kamar in fasa madubin nan.

Fatahu ya kira sau tara, ban ɗauka ba. Saƙo ya biyo baya: “Gimbiya lahiya? Ruwa bai taɓa ku ba ko?” Ku ji fa. Ruwa bai taɓa mu ba! Na amsa masa da kalma huɗu: “Ka zo gobe la'asar.”

Laraba da la'asar ya zo, cikin farar shadda mai aiki, hula zanna, turarensa ya riga shi shigowa zaure. Ni ma na yi kwalliya, kar ku ce ban yi ba. Atamfa shuɗiya riga da zane, jan baki, kwalli, mayafi mai duwatsu. Na shimfiɗa masa darduma kamar kullum. Kun san ba a fara zance da baƙo sai an ba shi ruwa. Na ɗauko faranti na kayan aurena, da kofin gilashi sabo fil daga kwali, na zuba masa ruwan gorar nan. Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa yana murmushi, ya kai baki. Sai ya tsaya. Ya duba. Man ya taso sama yana juya launi.

“Mi ne na wanga?”

“Ruwa ne. Sha.”

“Siddiƙa, wasa kike?”

“Ruwan tafkin Baba Hamadi ne. Wanda zai ba ka aurena. Akuyarsa ta sha, ta mutu da hantsi. Kai ma sha.”

Ya ajiye kofin a hankali. Na ɗauka zai musa, har na shirya hotuna. Bai musa ba, wannan ne ma ya ƙara tunzura ni.

“Ban san can za shi tahi ba, wallahi. Shekara biyar ina zubawa nan, bai taɓa wuce bayan katanga ba. Rairai ka shanye shi.”

“Da lambatun a toshe yake! Wa ya yashe shi? A gabanka na yashe shi, kana kawo mini ruwan sanyi!”

“To ai shi na ce. Da ba ki buɗe hanya ba...”

“Au! Laifina ne?”

“Ban ce ba. Ki kwantar da hankali. Ni zan tahi wurin tsoho, in sai mai akuya biyu, in kawo mai ruwa da mota.”

“Dabinon fa? Shekara bakwai. A wace kasuwa ake sayar da shekara bakwai? Ƙasar da ta sha mai, kai za ka kankare ta da cokali?”

Ya share fuska da hannu. Sai ya sauke murya, irin muryar da ke narkar da ni da. “Gimbiya, dube ni. Garejin ga shi ne gidanmu, ni da ke. Mutum takwas ka ci cikinai. In kin rubuta, rufe shi za a yi. Ki bari mu gyara tsakaninmu, cikin gida.”

Zan yi muku ƙarya in na ce zuciyata ba ta motsa ba. Ta motsa. Na kalli wushiryar nan, na tuna ranar da duk gari ke mini dariya shi bai yi ba. Sai na tambaye shi abu ɗaya da ya hana ni sukuni tun jiya.

“Fatahu, da ka ga saƙona, motocin ka fara janyewa ko tanonin?”

Ya hau gyara hularsa.

“Ka amsa mini.”

“Babu mota bakin lambatu ran nan,” ya ce, idonsa a ƙasa.

Babu mota. Wato ni ina can ina jin tsoron kar ruwa ya taɓa shi, shi kuwa ya karanta “ka kula mini da kanka”, ya sa mini zuciya uku, ya naɗe hannun riga ya hau mirgina tano. Kai, jama'a! Ban taɓa sanin mutum zai iya jin sanyi da zafi lokaci guda ba sai ranar.

Da ya ga fuskata, sai nasa ran ya ɓaci. Ya miƙe, ya kaɗe shaddarsa. Murya ta canza, gimbiya ta tafi.

“To ki ji. In kin sa sunana, ki sa naki. Ke kin ba ni lokaci, saƙonki na nan cikin talhona, da awa da minti. Ke kin ce ma tsoho shi buɗe. In an kore ni, ke ma aikin naki ya tahi. Sai ki zaɓa.”

Na ji motsi a bayan labulen zaure. Inna ce, na san ƙarar awarwaronta. Tana jira in ce na haƙura.

Na buɗe jakata na ciro takardar, kwafin da aka buga mini hatimi a kai, na ajiye a kan farantin kusa da kofinsa.

“Tun ƙarfe takwas na safe na kai. Karanta. Sunana ne a layin farko, da saƙon, da rantsuwar da na yi wa Baba. Naka yana ƙasa.”

Ya ɗauka. Na ga idonsa yana bin layukan, ya kai ƙasa, ya sake komawa sama. Ya ajiye, ya sa takalminsa, ɗaya ma bai shiga daidai ba, ya fita. Na ji tashin babur ɗinsa har ya ɓace.

Inna ta yaye labule. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi kofin, ta dubi takardar, ta dube ni.

“Yanzu me zan ce wa mutanen Damagaram?”

Na cire mayafin na ninke, na jawo takalmin robana daga bayan ƙofa, na zura a kan kwalliyata. Hawaye na zuba, kwalli ya ɓata mini fuska, ban share ba.

“Ki ce musu su taho da felu, Inna. Baba Hamadi yana can shi kaɗai da kwanon fura.”